Gangaren Nakpanduri

Salaga

'Yata Munawara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigidanki. Bayan haka, kin ce in sallamo ɗanki Nazif ya fara kai muku doya Bawku, tunda lasinsa na tuƙi ya fito. Ban yarda ba. Hannunsa ya faɗa, amma yaran tasha sun koya masa kashe inji a gangare don rage shan mai. Ya yi mini haka a hanyar Bimbilla. Na ce in inji ya mutu, birki tauri yake yi. Ya yi dariya, wai motocin zamanina ke nan. Ga shi ba a zuwa wurinku sai an sauka dutsen Nakpanduri. A bar mini shi zuwa bayan damina.

Mahaifinki, Aruna

Bawku

Baba,

Ina gaishe ka, yaya ƙafa? Bara ma bayan damina ka ce. Na san tun rasuwar Inna shi ke ɗebo maka ruwa, shi ke raka ka masallaci. In kewa ce, ka faɗa mini, ba abin kunya ba ne. Amma yaro ba zai tsufa a zaurenka ba. Allah ke tsarewa. Ka bar shi ya taho ranar Laraba.

Taka, Munawara

Salaga

Musah,

Sallama da fatan alheri. Ka yi mini yaron mota, ka san ba na tsoron banza. Jikana zai biyo ta Yendi da lodin doya. Ka tare shi, ka karɓe makulli ko ka hau gefensa. Uwarsa ta ce kewa ke sa ni magana. Akwai kewar, ban musa ba, amma yana kashe injin.

Aruna

Yendi

Maigida,

Allah ya ƙara girma. Na tare shi a tasha, na yi masa faɗa har muryata ta dushe. Ya durƙusa, ya ce ya ji. Gefensa kuwa ban hau ba, ina da jinya a gida. Albishirinka, ya isa lafiya. Ya bugo mini waya yana dariya, ya ce: “Kawu, ka gaya wa tsoho na sauko dutsen nasa ban ƙona ko ɗigon mai ba.” Ubansa har zabo ya yanka masa, ya ce kowane mako yaron zai riƙa zuwa. Ka kwantar da hankalinka.

Yaronka, Musah

Salaga

Munawara,

Na ji ya isa. Na gode wa Allah, amma ban iya murna ba. Na so a ce ya tsorata ko kaɗan. Yanzu dutsen ya ƙyale shi sau ɗaya, kuma ba wanda zai ƙara saurarata. Kada ki riƙa gaya mini ranakun da yake tasowa. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki