Yaren Kwamfutar Maigidana Ba Ya Faɗa wa Kowa Laifinsa

Anti Saudatu, don Allah ki taimake ni, na rasa yadda zan yi.

Ni da maigidana duk aikin kwamfuta muka karanta. Tun da aka taso ma'aikatarsu daga Legas zuwa Abuja muka sami gida a Karu, ba shi da zance sai na wani sabon yaren kwamfuta da yake ƙirƙira. Har ya haɗa masa kompaila, wato shirin da ke juya abin da mutum ya rubuta ya zama abin da na'ura ke ganewa. Kowace kompaila da na sani, in ka yi kuskure tsayawa take yi ta nuna maka layin. Tasa ba ta yi. Dalili kuwa, wata rana na'ura ta fito wa ogansu da kuskurensa ɓaro-ɓaro a gaban na ƙasa da shi, maigidana ya ji kunya kamar shi aka yi wa. Shi ne ya ce zai yi wadda ta san girman mutane. In ta ga kuskure sai ta kau da kai, ta ƙiyasta abin da kake nufi, ta wuce. Sauri kam tana da shi.

Ya ba ni in gwada. Na rubuta shirin rabon gidaje ga ma'aikatan da ke tahowa daga Legas, don aikin da za a fara ba ta ke nan, na bar kuskure ɗaya da gangan. Ba ta ce uffan ba. Ta zuba iyali uku a gida ɗaya, ta ba wani Solomon da 'ya'yansa filin da ko tushe ba a haƙa ba. Da maigidana ya tambaye ni yaya, na ce madalla. Anti, bawan Allahn nan har ramewa ya yi a kan aikin nan. Ni kuma tun aurenmu ban taɓa ce masa ya yi kuskure ba. Ranar da ya ɓata hanyar Durumi shiru na yi har muka tsinci kanmu a Sheda, can nesa da gari. Mako mai zuwa zai nuna wa darakta, in aka amince, da gidajen mutane na gaske za a yi. Ina tsoron in karya masa zuciya, ina tsoron ya sha kunya a bainar jama'a.

Taki, Mai Kawaici, Karu.

'Yar'uwa Mai Kawaici,

Niyyar mijinki kyakkyawa ce, kuma tausayin da kike ji masa ba laifi ba ne. Amma kawaici tsakanin mutane ake yinsa, ba a rabon gida ba. Kunyar da zai ji a gabanki ta yini guda ce, ta gaban darakta kuwa har ritaya za a riƙa tuna masa.

Ki bari ya ci abinci ya huta. Ki yabi saurin, tunda gaskiya ne. Sannan ki ba shi shirin ya gwada da hannunsa, ya ga inda aka sauke Solomon. In yana son na'ura mai ladabi, ya koya mata ta fara da sallama, ta tambayi iyali, sannan ta faɗi layin da kuskuren yake.

Abin da ya fi damuna shi ne gidanku yanzu kompaila biyu gare shi masu kau da kai, kuma ɗaya ce kawai ke cikin na'ura. Ɗayar ki gyara ta yau, don mutumin nan ba shi da mai faɗa masa gaskiya sai ke.

Allah ya ƙara muku fahimtar juna, ya kuma ba Solomon gida mai rufi.

Anti Saudatu