Littafin Awon Madara

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, sanyin dutsen nan ne kawai ya farfasa min hannu. Kada ki gaya wa Inna.

Kin tuna na ce miki maigidan da nake yi wa tatsa mutumin kirki ne? To, na janye. Wata uku da suka wuce ya ba ni littafi, ya ce in riƙa rubuta madarar kowace tunkiya, wai don a ƙara wa masu rauni abinci. Na rubuta tsakani da Allah. Ƙananan tumakin dutse ne suka zo ƙarshe, don ba sa cika kofi biyu, amma madararsu kauri gare ta, ita ke sa cuku ya kama. Na faɗa masa, ya ce ya ji.

Ranar Talata motar mahauta ta zo. Da littafina a hannunsa maigidan ya riƙa kiran lambar waɗanda suka zo ƙarshe, ni kuma aka sa ni kamowa, tunda ni kaɗai suke bi. Har da Guntuwa, wadda na shayar da kwalba. Ko gardama ba ta yi min ba.

Yanzu bokiti na cika, cuku ya ƙi kamawa, wai laifin hannuna ne.

Ki ce Inna ta sa ni a addu'a. Kuma don Allah, duk wanda ya zo auna madarar tumakin Baba, kada ki ba shi alƙalami. Ki ba shi cokali ya ɗanɗana.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki