Rubutun da Abba Ya Bari a Tsohuwar Kwamfuta

Assalamu alaikum Baffa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Gwaggo da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai dai idon Umma da ya ƙara rauni, yanzu ko zare ba ta iya zurawa a allura. Gidan ya yi mana girma tun rasuwar Abba. Yau wata bakwai ke nan, amma har yanzu in na ji an taɓa ƙofa da yamma sai na ɗaga kai.

Abin da ya sa na rubuto maka shi ne, makon jiya Umma ta ce in share ɗakin karatun Abba, sai na ci karo da tsohuwar kwamfutarsa a ƙarƙashin tebur, an lulluɓe ta da zani. Na jona ta, ta yi ta gurnani kamar injin niƙa, amma ta tashi. A ciki na tarar da fayil fiye da ɗari biyu, kowanne da kwanan wata. Na buɗe na farko. Ba abin da ke ciki sai alamomin tambaya, da ƙananan akwatuna, da wasu haruffa masu ɗigo a ka, kamar kaza ta bi ta kan takarda. Duk wanda na buɗe haka yake.

Na kwafe su na kai wa mai gyaran kwamfutar da ke kusa da shagon da nake buga takardu. Kallo ɗaya ya yi musu ya ce sun lalace, in goge kawai in huta. Wallahi Baffa, saura kaɗan in yi kuka a gabansa. Na koma shago na zauna, sai na tuna yadda kai da Abba kuke juya harshe zuwa Rashanci in ba ku so mu ji hirarku, tun da tare kuka yi karatu a can. Na ce a raina, to, ko dai da Rashanci ya yi rubutun? Na yi ta bincike a waya har na gane matsalar. Ashe kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba take ajiyewa a madadin kowanne. Tsohuwar manhajar Abba da nata tsarin lambobi ta ajiye rubutun, sabuwar kuma tana karantawa da wani tsarin daban, shi ya sa take fito da shirme. Wajen buɗe fayil akwai inda ake zaɓen tsari. Na samu na Rashanci har guda uku. Na farko da na biyu suka ƙara dagula abin. Ina danna na uku, sai ga haruffa sun jeru reras, layi bayan layi, irin waɗanda nake gani a bayan littattafansa. Kwana huɗu na yi ina bin su ɗaya bayan ɗaya, ina sake ajiye su da sabon tsari don kada su ƙara rikicewa.

Na kai wa Umma na ce ga shi an gyara. Ta matso da fuskarta dab da gilashin, ta daɗe tana kallo, alhali ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Na ce mata waya tana iya fassarawa, na gwada mata layin farko na wani fayil. Abin da ya fito shi ne: yau ta yi dariya har ta riƙe ciki, ni kuwa na yi kamar ban gani ba. Umma ta dafa hannuna ta ce in tsaya haka nan. Ta ce shekara talatin da huɗu tana zaune da mutumin nan, bai taɓa faɗa mata irin wannan da bakinsa ba, don haka ba na'ura ce za ta faɗa mata ba. Ta ce muryarka da tasa iri ɗaya ce, in dai za ta ji sauran, to daga bakinka za ta ji.

Na ce in turo maka ka karanta mata ta waya, ta ƙi. Ta ce tana so in an zo wajen da ba ta gane ba, ta tsayar da kai ta tambaya, kana zaune tana zaune. Ni ma Baffa, ban ƙara fassara ko ɗaya ba, ko da yake Allah Ya sani raina yana so. Na buga su duka a takarda, shafi ɗari uku da goma sha ɗaya, da manyan haruffa saboda idonka, na ɗinke su. Na san tafiyar da nisa, na kuma san halin ƙafarka. Amma shekara shida rabonmu da ganinka, ko rasuwar ba ka samu zuwa ba. Don Allah ka duba, ko mako ɗaya ne.

Ka gaida min Gwaggo da kyau, da Yaya Babba da maiɗakinsa, da Auta. Umma tana gaishe ku gaba ɗaya. Ta ce in gaya maka kada ka damu da ko Rashancinka ya yi tsatsa, ba sauri take yi ba.

'Yarka,
Mai sunan Inna