Habibu da Tiren Gareji

Zuwa ga Yaya Zakariyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya raba ka da ciwon gwiwar nan. Mu nan Karshi alhamdu lillahi, sai dai zuciyata ba daɗi, kuma kan yaron nan nawa ne, ɗanka Habibu.

Ka san tun yana ƙarami jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, har kana tsokanarsa da Bature. To, a garejin da yake aiki a Apo, al'adarsu duk Juma'a ogansu Labaran ya sayo tsire, a juye a tire ɗaya, kowa ya sa hannu. Habibu ya sha gaya masa ƙuli-ƙulin da ke jikin naman zai iya kashe shi, ya roƙi a bar shi ya ci nasa abincin a gefe. Ogan ya ce iyayi ne, ina aka taɓa jin Bahaushe na gudun gyaɗa, kuma wanda ya ware kwanonsa ya ware kansa daga gareji. Ran nan da hannunsa ya karkaɗe tsoka, ya ce ai ya share mata yajin, ya miƙa masa a gaban kowa. Ka san kunyar Habibu. Ya karɓa ya ci.

Yaya, da na isa asibiti ban gane fuskar ɗana ba. Maƙogwaro ya kumbura, numfashi sai da na'ura. Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma da ya koma aiki ogan ya ce ya kwashe kayansa, wai ba zai ajiye wanda zai mutu masa a gareji ba. Wannan maganar ta fi ciwon ƙona mini rai.

Maƙwabciyarmu Perpetual lauya ce. Ta ce wajibi ne mai aiki ya kiyaye lafiyar ma'aikacinsa, kuma za ta tsaya masa a kotun ma'aikata. Habibu ya ƙi. Ya ce ba zai maka mutumin da ya koya masa riƙon sifana a kotu ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, ko gezau. Yanzu wuni yake a ɗaki, abinci ma sai na ɗanɗana a gabansa yake iya ci.

Kai kaɗai yake jin maganarka. Don Allah ka kira shi, ko dai ya nemi haƙƙinsa, ko ya haƙura ya nemi wani garejin. Jiya na ji shi yana tambayar abokin aikinsa a waya, wai ogan ya tambayi jikinsa kuwa. Ogan kuwa bai tambaya ba.

Ka gaida mini Fadima, da Najwa, da Baffa. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Rabi'atu