Baƙin Zaren Umma

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Yaya aiki? Ni lafiya lau, sai gwiwar nan da ba ta jin magana.

Na zaɓi takarda ne don a waya katse ni kike yi, kuma abin da zan faɗa da kunya. Tsiron tankin kifin Ummanki yana mutuwa, Auta. Wata biyar ke nan da rasuwarta, ban taɓa fashin ba kifayen abinci ba, duk suna nan. Amma tsiron nan mai faɗin ganye, wanda take zama gabansa da kofin shayi tana ƙirga masa ganye, ya juya mini baya. Goma sha ɗaya ta bari, yau saura shida, su ma sun yi rawaya.

Ni da na shekara talatin da biyu ina kula da lambun mutane! Kuma wallahi ba sakaci na yi ba. Da na zo wanke tankin watan jiya, na ga ashe ɗaure shi ta yi da baƙin zare a bayan guntun itace, saiwoyinsa suna lilo a ruwa. Na ce Allah sarki, ciwo ne ya hana ta dasa shi yadda ya kamata. Na yanke zaren da almakashi, na haƙa rami a tsakuwa, na binne gindinsa na danne sosai. Da ya fara rawaya na zuba masa taki, na riƙa barin fitilar tankin a kunne wuni guda. Yanzu ruwan ya yi kore shar, kifayen ma sai na ƙura ido nake ganinsu.

Ki tambayar mini waɗanda suka sani. Cikin duk abin da ta bari a gidan nan, shi kaɗai ne yake girma. Idan ya mutu a hannuna ban san inda zan sa raina ba.

Ki gaida maigidanki.

Babanki,
Mai Lambu

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, kuma murar da kika ce tana damunki ta sake ki. Wasiƙarki ta iso, Allah ya yi miki albarka. Sau uku na karanta ta, na farko da haushi.

Ashe irin wannan tsiron ba a binne shi. Gindin nan nasa mai kauri kamar citta sai ya zauna a sarari ruwa na ratsa shi, in aka rufe shi ruɓewa yake. Wannan na karɓa, ko da yake da ƙyar. Abin da ya zaunar da ni shi ne sirrin da kika tona. Wai wannan tsiro na biyu ne. Na farkon ni na tsaya a kanta sai da ta binne shi, ya mutu, ta sayo wani a ɓoye ta ɗaure shi ta bayan itace inda idona ba zai kai ba. Shekara shida ina yabon kaina gaban baƙi, tana zuba musu shayi tana gyaɗa kai! Na yi dariya har na ƙware, daga nan kuma sai hawaye. Na gode da kika faɗa mini, ita ba za ta taɓa faɗa ba.

Na bi abin da kika rubuta. Na tono shi, rabin gindin ya yi laushi yana wari. Na sa sabuwar reza na yanke har na kai wuri mai tauri, ganye biyu kawai suka tsira. Na canja rabin ruwan, na rage fitila zuwa awa shida, taki kuwa na mayar da shi wajen tumatir.

Saura ɗaurewa. Zare yana cikin gwangwanin ɗinkinta, ni kuma tun ranar da ta rasu ban iya taɓa shi ba. Na dai jingina tsiron da ɗan dutse. Kada ki yi mini faɗa.

Babanki

Auta 'yar albarka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, ina fatan kowa lafiya.

Dutsen bai yi aiki ba. Kullum da safe sai na tarar kifayen sun ture shi, tsiron yana yawo a saman ruwa. Ranar Talata na gaji, na yi bisimilla na sauko da gwangwanin daga kan kabad.

Ƙamshin turarenta ne ya fara tarbata. Ga maɓallai, ga allurai a soke jikin ƙyalle, ga baƙin zaren a gefe, an naɗe shi da 'yar takarda. Rubutunta ne, irin na kwanakinta na ƙarshe. Ta rubuta cewa wannan na tsiron kifi ne, a lallaba a gaya wa Mai Lambu ɗaurewa ake yi. Kin ji, a lallaba. Tana fama da numfashi, amma tana tunanin kada a ɓata mini rai. Da na buɗe tun farko da ban wahalar da bawan Allah ba.

Na ɗaure shi a jikin itacen, ta gaba, inda kowa zai ga zaren. Yau kwana goma sha tara. Da safen nan na ga wani ɗan abu kore a naɗe ya leƙo daga gindin. Na goge tabarau na sake dubawa. Ganye ne, Auta, sabo fil.

Alhamdu lillahi. Na gode miki, na gode mata, Allah ya kai haske kabarinta. Ina rubuta wannan a kan kujerarta, shayina yana hucewa. Na ƙirga, uku ne. Gobe ma zan ƙirga.

Naki har kullum,
Babanki, mai koyon lambu