Katakon Maɗacin Baba

Makera, Kaduna.

Zuwa ga Yaya Shehu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Khadija da yara. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu ma lafiya lau, ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida.

Dalilin wasiƙar nan shi ne katakon maɗaci guda shida da marigayi Baba ya jingine a zaure shekara tara, yana cewa sai sun bushe sarai zai yi wa Inna ƙofar da gara ba za ta ci ba. Ka san bayan rasuwarsa mun kai su shagon abokin aikinsa, Ezekiel kafinta, a Romi. Shekaranjiya aka kawo ƙofar, jajawur tana sheƙi, Inna har da hawaye. Ni kuwa tun da na ga mai keke ya ɗauko ta da hannu ɗaya hankalina ya ƙi kwanciya, don katakon Baba ko guda ɗaya ban taɓa iya ɗagawa ba. Ka dai san halina. Na ɗauki wuƙa na ɗan kankare ƙasan ƙofar, sai ga fari fat, alhali maɗaci ja ne har ciki. Na sa ɓarɓashin a baki yadda Baba yake yi, ko alamar ɗaci babu. Malaina ce, katako mai araha, aka shafa wa launi.

Jiya na tafi Romi da fushina. Ezekiel bai musa ba, bai kuma yarda mun haɗa ido ba. Ya ce tun kafin azumi mota ta zo ta kwashi katakon, wai za a kai Fatakwal, garin da kake zaune. Da na tambaye shi da izinin wa, sai ya ce, "Saratu, tambayi yayanki."

Yaya, ban so in yarda ba. Amma sai na tuna hoton da Anti Khadija ta turo ranar Sallah, kuna cin abinci a kan sabon teburi ja. Wallahi raina ya ɓaci. Ban faɗa wa Inna ba, yau ma da safe na ga tana shafa ƙofar tana yi wa Baba addu'a. In ƙarya Ezekiel ya yi maka, ka kankare ƙasan teburin nan ka ɗanɗana, ka rubuto mini abin da ka ji.

'Ya'yana Anas da Zainab suna gaishe ka, a gaida Anti Khadija da yara. Inna ta ce in yi maka godiya da ka tsaya aka cika burin Baba.

Ƙanwarka,
Saratu.