Kamal da Lambun Baba

Al Ras, Dubai

Zuwa ga Yaya Hafsa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Mu nan ƙalau muke, sai zafi.

Yaya, yau ne na ci abinci na ji daɗinsa. Ƙanenmu Kamal, da na jawo nan don ya taya ni saron kaya, ya kusa kashe ni da raina. Ashe ya je ya sayar wa wani Alhaji Zainul Abideen, mai shago a Murshid Bazaar, rabonsa na lambun Baba na Kura, don a ba shi wuri a kwantenar da za a tura Kano. Rabon gado fa, Yaya, alhali Baba na nan yana ban ruwa! Har sun tafa gaban shaidu, irin cinikinmu na kasuwa. Alhajin ya ce zai tura mutane su auna wurin. Ki duba Baba da hawan jininsa, ya ɗago kai ya ga baƙi da igiyar awo, su ce masa ɗansa ne ya riga ya raba gadonsa.

Na yi faɗa, na yi roƙo, Alhajin ya ce ciniki ya faɗa. Allah ya taimake mu, Alhajin ya kira lauyansa na Kano don a rubuta takarda. Lauyan ya ƙi. Ya ce muddin mai abu na raye, magaji ba shi da ko taku ɗaya, sai tsammani. Baba na iya sayarwa ko ya kyautar gobe, kuma ba a san wanda zai riga wani ba. A shari'a wannan ba ciniki ba ne. Nan take Alhajin ya fasa. Wallahi kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Don Allah kada Baba ya ji. Jiya na sa Kamal ya kira shi. Baba ya yi ta murna, ya ce ya dasa sabon mangwaro a gefen rijiya, ya sa masa sunan Kamal, wai yaron ya yi sauri ya dawo su sha tare. Yaron nan ya ajiye waya ya yi ta kuka, ni kuwa ban rarrashe shi ba.

Ki gaida Malam, da Gwaggo Talatu, da Mahfuza sarkin surutu.

Taki ƙanwa,
Wasila